Wane aisi ne zai hana a riƙa jin liman sau biyu?

Sadiku Rigasa: Assalamu alaikum manyanmu. Na zo da matsala, ga azumi yana ƙaratowa. Masallacin Juma'ar unguwarmu ya yi wa jama'a kaɗan, sahu kan fita har bakin titi, shi ne kwamiti ya sa aka kafa turaku biyu aka ɗaura hon, wato lasifika mai bakin ƙaho, a waje. Tun daga ranar mutanen sahun baya ke ƙorafi, wai kamar limamai biyu ne ke huɗuba, ɗaya na bin ɗaya a guje. Na gane cewa hon ɗin da ke kansu yana riga na jikin masallaci isa kunnensu, don wuta a waya ta fi sauti a iska sauri. Ke nan sai a jinkirta na wajen. Na'urar jinkirta sauti da ake sayarwa haɗaɗɗiya ta fi ƙarfin abin da aka tara, kuma ni ma ina son in haɗa da hannuna in koya. Na leƙa intanet neman aisi (IC), wato ɗan guntun lantarkin da zai yi wannan aikin, sunaye sun yi min yawa: ADAU1701, ADAU1452, SHARC, TMS320, har da masu cewa STM32 ma ya isa. Wanne ya fi?

Nura Sawun: Wa alaikumus salam. ADAU1701, ka rufe ido ka saya. Shi nake amfani da shi a kayan biki shekara da shekaru.

Oga Bala Inbata: Ku dai yaran nan ba kwa son abin da ke gabanku. dsPIC30F2010 fa? Ƙafa 28 gare shi, bolt 5 yake ci, ka zaunar da shi a soket, in ya ƙone ka zare da ɗan yatsa ka sa wani. Inbata nawa na gyara a Panteka masu shi a ciki? Ba zan iya ƙirgawa ba. Shi ma DSP ne, wato aisin sarrafa sigina irin sauti da lissafi, sunansa ma ya faɗa.

Nura Sawun: Oga, sauti ake magana ba wutar sola ba.

Oga Bala Inbata: To wutar inbata ba igiyar sain ba ce? Sauti ma igiya ne. Duk kanwar ja ce.

Mubarak: Ni da za a ji tawa, a bar waɗannan tsofaffin. STM32F407 yana gudu a megahaz 168, yana da sashen lissafi mai yawon ɗigo (floating point), manhajar rubuta masa kod kyauta ce. ADAU1701 ko 50 bai cika ba. Ina 168, ina 50?

Malam Yusha'u: Mubarak, nan ne ɗalibaina ma ke zamewa kullum, don haka bari in ɗan tsawaita. Megahaz ba ya gaya maka aikin da aisi zai yi, bugun agogonsa kawai yake gaya maka. Tambayar ita ce: a kowane bugu, me yake gamawa?

Aikin sarrafa sauti kusan duk abu ɗaya ne ake ta maimaitawa: ɗauko lamba, ninka ta da wata, tara a kan abin da ke hannu. Filta ɗaya irin wadda ake rage bas ko ƙara taribul da ita, ninkawa biyar take buƙata a kan kowane samfur, wato kowace lamba ɗaya da aka ɗiba daga sautin. In kana ɗibar sauti sau 48,000 a daƙiƙa, to duk lissafinka dole ya ƙare cikin kusan maikurosakan 21, kafin samfur na gaba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Aisin DSP na asali an gina shi ne don wannan kaɗai. Yana da hanyoyin memori daban-daban, sai ya ɗauko umarni da lambobin da zai ninka a lokaci guda. Yana zagaya madauki ba tare da ɓata bugu wajen ƙirga zagayen ba. Yana kuma da memori mai kewayawa, wanda in an kai ƙarshe yake komawa farko da kansa.

ADAU1701 yana gudu a megahaz 49.152. Raba da 48,000, ka sami umarni 1,024 cif a kan kowane samfur, ba ƙari ba ragi, kuma ba abin da ke katse shi. STM32F407 ɗinka yana da bugu 3,500 a kan kowane samfur. Ya fi yawa, gaskiya ne, kuma Cortex-M4, ƙwaƙwalwar da ke cikinsa, yana iya ninkawa da tarawa a bugu ɗaya. Amma daga cikin 3,500 ɗin zai biya kuɗin ɗauko lambobi daga memori, da mayar da su, da ƙirga madauki, da amsa duk abin da ya katse shi. Ratar da kake gani a takarda ba haka take a aiki ba.

Mubarak: Na ji Malam. Amma dai ko bayan an cire duk wannan, zai yi aikin Sadiku.

Malam Yusha'u: Zai yi, ban musa ba. Hujjarka na ƙi, ba aisinka ba.

Nura Sawun: Ni ban san boko mai zurfi ba, abin da hannuna ya taɓa zan faɗa. ADAU1701 komai na cikinsa. Ƙofar shigar sauti biyu, ta fita huɗu, ba sai ka nemi wani aisi na juya sauti zuwa lamba ba. Ba ka rubuta kod ko layi ɗaya. Ka buɗe manhajarsa, SigmaStudio, a kwamfuta, ka jawo akwatin filta, ka jawo na limita mai hana sauti wuce iyaka, ka haɗa su da zare kamar kana zanen waya a takarda. In ka gama ka zuba a ɗan EEPROM, memorin da ba ya mantuwa in an kashe wuta, duk sanda aka kunna wuta ya tashi da kansa. Kana iya sa masa maɓallin murɗawa ma, ladan ya riƙa ƙara murya ba tare da ya kira ka ba. Na raba wa sifikun bas da na sama hanya da shi a wani biki a Barnawa, mai kayan da ke gefe ya zo yana leƙa akwatina yana neman babbar na'ura. Mubarak, kai kafin ka gama faɗa da I2S da DMA, hanyoyin shigar da sauti da fitar da shi a aisinka, an yi Sallah.

Mubarak: Kai Nura, ba haka ba ne wallahi. Sati biyu ya ishe ni.

Nura Sawun: Sati biyun ɗalibi.

Injiniya Hadiza: Salamu alaikum. Na karanta daga sama, kuma har yanzu ba wanda ya tambayi Sadiku abu ɗaya da ya kamata a fara da shi. Ƙanena, mita nawa ne daga hon ɗin jikin masallaci zuwa kowane turke?

Sadiku Rigasa: Anti ban auna ba, amma na nesan zai kai taku hamsin.

Injiniya Hadiza: Taku ba awo ba ne. Ɗauki tef ka je, muna nan.

Oga Bala Inbata: Kafin ya dawo, Malam Yusha'u, shi TMS320 ɗin da yaron ya ambata fa? Ni na san F28335 a manyan inbata.

Malam Yusha'u: TMS320 sunan gida ne, Oga Bala, ba sunan mutum ɗaya ba. Texas Instruments ta fara da TMS32010 a farkon shekarun 1980, mai umarni miliyan 5 a daƙiƙa, daga nan zuri'a ta yaɗu. Wanda ka sani, F28335, ɗan ɗakin C2000 ne: megahaz 150, ADC (sashen juya sigina zuwa lamba) mai bit 12, da PWM (sashen kunna wuta da kashe ta da sauri) masu kyau ƙwarai. Don juya mota mai lantarki da inbata aka yi shi, kuma a wannan fagen da wuya a kayar da shi. Amma bit 12 ba na sauti mai tsabta ba ne, sai ka ƙara masa kodek daga waje, wato aisin da ke juya sauti zuwa lamba ya kuma mayar da lamba sauti. Ɗan ɗakin da ke aikin sauti da gaske shi ne irin C6748, mai kaiwa megahaz 456. Sai dai ƙafafunsa ƙwallaye ne 361 a ƙarƙashinsa. Ko masu gyaran waya da suka saba da irin wannan dalma za su ɗora shi, fanel ɗin da zai zauna a kai mai hawa da yawa ne, ba wanda za ka wanke a roba a shago ba.

Nura Sawun: SHARC ma haka. Shi ne a cikin manyan kaya, Behringer DEQ2496 shi ke ciki, miniDSP 2x4 HD ma ADSP-21489 ne. Amma ka lura, ƙaramin miniDSP 2x4 na farko ADAU1701 ne a cikinsa. To in kamfani ya yarda da shi, wane ne ni?

Malam Yusha'u: Abin da SHARC ya fi su da shi, lissafinsa mai yawon ɗigo ne, bit 32 har 40. Ba ka zama kana fargabar lamba za ta cika ta tumbatsa. A masu kafaffen ɗigo kai ne mai gadi. ADAU1701 ya bar maka sarari na desibel 24 a sama, in ka ƙara bas ka wuce nan, sauti ya fashe. Amma manhajar SHARC, CrossCore, ta kuɗi ce, kuma C za ka zauna ka rubuta. Sayen tirela ne don kai buhu ɗaya Kasuwar Bacci.

Sadiku Rigasa: Na dawo. Turken farko mita 14, na biyu mita 38.

Injiniya Hadiza: Madalla. Yanzu a yi lissafi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa in zafin iska na digiri 20, kuma yana ƙara kusan 0.6 a kan kowane digiri. Da azahar ɗin Kaduna mu ɗauka 350. Mita 14 ya ba mu milisakan 40. Mita 38 ya ba mu kusan 109. Shi ya sa mutanen baya ke kuka: in tazarar sauti biyu ta wuce wajen milisakan 50, kunne ya daina haɗe su, sai ya ji su a matsayin amsa-kuwwa.

To jinkiri ba lissafi ba ne, ajiya ce. Aisi zai riƙe samfur a memori har lokacinsa ya yi ya sake shi. Milisakan 109 a 48,000 samfur 5,200 ne da 'yan kai. Memorin bayanai na ADAU1701 gurbi 2,048 ne gaba ɗaya, wato milisakan 43 in ba ka sa komai ba, alhali filtoci ma daga nan suke ci. Turken farko zai shiga da ƙyar. Na biyu kuwa, memorin ko rabin abin da yake buƙata bai kai ba.

Nura Sawun: Innalillahi. Anti kin tabbata?

Injiniya Hadiza: Buɗe SigmaStudio ɗinka ka jawo akwatin jinkiri ka rubuta 5,200, ka ga abin da zai ce maka.

Nura Sawun: Na gwada. Ya ƙi. Ni a biki jinkirin da nake sawa na daidaita bas da na sama ne, milisakan biyu zuwa uku, ban taɓa kai shi bango ba. To a jera guda uku mana, wannan ya miƙa wa wannan.

Injiniya Hadiza: Zai yi, amma kuɗin fanel uku da wahalar haɗa su sun kai ka inda kake gudu.

Oga Bala Inbata: Nawa fa? A yi masa lissafin shi ma, kar a yi son kai.

Injiniya Hadiza: Oga Bala, da girmanka. RAM ɗin dsPIC30F2010, wato memorin ajiyarsa, bayit 512 ne. Ko duka ka ba sauti, samfur 256 ne, milisakan biyar da ɗoriya. Bai kai mita biyu ba.

Oga Bala Inbata: To a matso da turken kusa da liman mana.

Mubarak: Hahaha Oga ya sauka. Amma ku lura, lissafin Anti ni ya taimaka. F407 yana da RAM kilobayit 192. Samfur 5,200 sau bayit 4 bai wuce kilobayit 21 ba. Kuma ba sai an yi layi biyu ba, layin ajiya ɗaya ne, ka ɗebi na turken farko a tsakiya, na biyu a ƙarshe.

Injiniya Hadiza: Wannan gaskiya ne, kuma dabarar layi ɗaya daidai ce. In aikin makaranta ne, kai zan bi. Abin da zai ci maka lokaci shi ne kodek. Sadiku na buƙatar fita uku: cikin masallaci, turke na ɗaya, turke na biyu. Ke nan ADC ɗaya irin PCM1808, da DAC biyu, masu mayar da lamba sauti, irin PCM5102A, duk a kan agogo ɗaya. In agogon ya ɗan saɓa, sai ka ji ƙas-ƙas a sifika kamar ana soya gyaɗa, kuma ranar Juma'a ne zai fara.

Ni ADAU1452 zan ce. Ɗan gidan su 1701 ne, SigmaStudio ɗin dai ita ce, don haka duk abin da Nura ya iya zai yi amfani. Yana gudu a megahaz 294.912, umarni 6,144 a kan kowane samfur, kuma ajiyarsa ta kai jinkirin milisakan 800. Aibinsa biyu. Ba shi da ADC da DAC a ciki, sai da kodek irin AD1938 mai shiga huɗu da fita takwas. Sannan ƙafafunsa 72 ne a manne a gefen cikinsa, ba na ayan ɗin dalma ba ne. Maganin duka biyun, ka sayi fanel haɗaɗɗe mai kodek a kai, kar ka ce za ka ɗora da kanka.

Sadiku Rigasa: Anti sauran ƙarfin fa, ba asara ba ne? 800 nake saya ina amfani da 109.

Injiniya Hadiza: Za ka cinye shi. Filtar yanke bas don kar hon ya ƙone, limita a kowace fita, ƙananan filtoci na kashe kukan makirfo. Kuma in an ƙara sahu baɗi, kwamiti turke na uku zai kafa, ka rubuta ka ajiye.

Alhaji Musa Kawo: Ni gargaɗi zan yi, ba fasaha ba. Bara na yi odar fanel biyar daga wani mai sayarwa a intanet saboda arha. Uku daga ciki kwamfuta ko ganinsu ba ta yi, da na goga tinna a bayan aisin sai rubutun ya fita. Kuɗin dawo da su ya fi kuɗinsu. Duk wanda za ka saya, ka haɗa da abin zuba masa furogiram a oda ɗaya, kuma ka sayi biyu. Damina na zuwa, waya mai tsawon mita 38 a sama kiran tsawa ce.

Malam Yusha'u: Alhaji ya taɓo abin da takardar aisi ba ta faɗa. Code Composer Studio na TI kyauta ne yanzu, STM32CubeIDE kyauta, MPLAB X kyauta, SigmaStudio kyauta amma sai Windows. Sai dai kowanne da igiyarsa ta zuba furogiram daga kwamfuta: ST-Link, PICkit, XDS, USBi. Na ST da na Microchip za ka samu a hannun ɗalibai da masu gyara a garin nan. USBi kuwa, ta SigmaStudio, sai ka yi tambaya.

Baba Ɗanlami Rediyo: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke karanta min, ni idona ya gaji. Na ji kuna ta kiran lambobi kamar masu canji. Ina da tambaya. Eko ɗin da ke cikin amfilifayar masallacin, wanda masu wa'azi ke murɗawa murya ta riƙa maimaituwa, wane aisi ne ke yin sa?

Nura Sawun: PT2399 ne Baba.

Baba Ɗanlami Rediyo: To shi eko mene ne in ba jinkiri ba? Ka cire wayar da ke mayar da sauti baya, kar ka gauraya shi da na asali, abin da ya rage murya ce guda ɗaya da ta makara. Ƙafa 16, bolt 5, rasisto ɗaya a ƙafa ta shida ke saita lokacin. Ba kwamfuta, ba oda daga waje. Duk mai sayar da kayan rediyo yana da shi a kwalba.

Malam Yusha'u: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mun tafi neman ruwa Kogin Kaduna, ga randa a ɗaki. PT2399 na ba da jinkiri daga wajen milisakan 30 zuwa 340, duka turakun biyu suna ciki. Kusan kilo'om 7 zai ba da na mita 38.

Injiniya Hadiza: Baba ya yi gaskiya, kuma ban tuna da shi ba sam. Amma a faɗi aibinsa don kar Sadiku ya sha mamaki. Memorinsa kilobit 44 ne tsayayye. Yadda yake tsawaita jinkiri shi ne ya rage saurin agogonsa, don haka duk yadda ka ja lokaci, haka sauti ke dusashewa, shuu na ƙaruwa. Ba ya riƙe lokaci daidai kamar mai kiristal, sai ka saita da kunne. Ba filta, ba limita, ba maganin kukan makirfo. Ba DSP ba ne da za ka ba shi umarni, abu ɗaya ya iya.

Baba Ɗanlami Rediyo: 'Yata, hon ne fa. Hon ɗin da kansa ba ya fitar da bas, ba ya fitar da na sama can. Wa zai ji dusashewar a bakin titi, ga Keke Napep na wucewa?

Injiniya Hadiza: A huɗuba ba za a ji ba, Baba. A tahajjud, dare ya yi tsit, alaramma na jan aya a hankali, za a ji shuu ɗin.

Baba Ɗanlami Rediyo: Wannan kuma na ba ki.

Mubarak: Wato duk megahaz ɗinmu aisin eko ya zo ya kwashe kasuwar.

Nura Sawun: Kai dai je ka fara sati biyunka.

Sadiku Rigasa: Na gode ƙwarai manyana. Ga abin da zan yi. Gobe zan haɗa PT2399 biyu don Juma'ar nan, in sa musu rasisto mai murɗawa. In kwamiti ya ji bambanci, zai fi sauƙi su saki kuɗin fanel ɗin ADAU1452.

Injiniya Hadiza: In za ka saita, ka tsaya ƙarƙashin turken, wani ya riƙa ƙwanƙwasa makirfo da yatsa, kai kana murɗawa har ƙwas biyun su zama ɗaya. Daga nan ka ƙara ɗan kaɗan, kamar milisakan goma. Kunne na bin sautin da ya fara isowa, sai mutane su ji kamar daga gaba muryar ke zuwa, ba daga saman kansu ba. Ka kuma rage ƙarfin hon na jikin masallaci, ba sai ya kai titi ba tunda ga na waje.

Sadiku Rigasa: Assalamu alaikum, ga rahoto. An yi Juma'a. Na tsaya a sahun ƙarshe da kaina, liman ɗaya na ji. Wani dattijo da ya fi kowa ƙorafi ya tambaye ni ko an canza makirfo ne. Shuu ɗin da Anti ta faɗa yana nan a turke na biyu, in liman ya yi shiru tsakanin huɗuba biyu ana jin sa. Kuma da aka koma janareta sai wani ƙugi ya shigo, ina zargin wutar da na ba aisin ce, daga taransifomar amfilifaya na ja ta. Kwamiti ya amince da kuɗin fanel ɗaya, ba biyu ba, Alhaji Musa ka yi haƙuri.

Oga Bala Inbata: Ƙugin nan nawa ne. Kawo shi Panteka in sa masa 7805 mai daidaita wuta a bolt 5 da kafasita na kirki, ka raba masa at, wato wayar ƙasa, da na amfilifaya. A nan dai ba wanda zai yi min lissafin RAM.

Injiniya Hadiza: Ina da USBi, zan ara maka in fanel ɗin ya iso. Ka zo da laftof mai Windows, Nura ya zo ya nuna maka jan akwatunan tunda hannunsa ya fi nawa sauri a nan. Ka taho da awon nan a rubuce, 14 da 38, ka kuma auna inda suke shirin kafa turke na uku.

Nura Sawun: Asabar bayan la'asar ina da biki a Unguwar Rimi. A sa Lahadi.